Fashin Baƙi: Me Ke Sa Ƙwallon Golf Lanƙwasawa Dama, Kuma Ta Yaya Silais Ke Komawa Duro?

Me ya sa mutum zai gyara tsayuwa, ya auna tsakiyar fili, ya zage ya maka wa ƙwallo sanda, ta tashi kamar abin kirki, amma tana kaiwa can sama sai ta sake shawara, ta lanƙwasa dama ta faɗa cikin itatuwa? Kuma me ya sa idan ya ƙara juya jikinsa hagu don ya rage ɓarna, sai lanƙwasar ta ƙara tsanani? Duk wanda ya zauna da masu koyon golf, wasan da ake kira ƙwallon lambu, ya sha jin wannan koke. Ya kuma sha jin magunguna. Wani ya ce ɗaga kai kake yi. Wani ya ce gaggawa ce ta yi maka yawa. Wani ya ce sandar ce ba taka ba, ka sayi wata. Kowa da nasa maganin, ciwo kuwa yana nan daram.

Dalilin da ya sa yawancin shawarwarin ba sa kamawa shi ne a kan jikin ɗan wasa suke magana, alhali ƙwallo ba ruwanta da jikin kowa. Abin da ta sani kawai shi ne yadda kan sanda ya iso gare ta. Daga nan ya kamata bayani ya fara.

Duk abin da zai biyo baya a kan mai wasa da hannun dama ne. Bahago sai ya juya lissafin, inda aka ce dama ya ɗauka hagu.

Kalmomi huɗu da ake yawan cakuɗawa

Silais shi ne bugun da ƙwallo ke lanƙwasawa dama sosai, ba da son mai bugun ba. Idan lanƙwasar ƴar kaɗan ce, kuma da niyya aka yi ta, sunanta fed. A ɗaya ɓangaren akwai huk, wato mummunar lanƙwasa zuwa hagu, sai ƙaramarta mai ladabi da ake kira duro: ƙwallo ta fita ɗan dama da inda ake hari, sannan ta dawo a hankali ta sauka a kan layi. Wannan duro ba shi ne canjaras ɗin ƙwallon ƙafa ba, suna ne kawai ya zo ɗaya.

Silais da fed ƴan gida ɗaya ne, haka huk da duro. Yawan lanƙwasa ne ya raba su.

Fuska da hanya

Kan sandar golf yana da fuska, wato shafaffen gefen da ke dukan ƙwallo. Tsawon lokacin da fuskar ke manne da ƙwallo bai wuce wajen rabin kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa ba. Kafin hannunka ya ji dukan, ƙwallo ta yi gaba. Saboda haka duk mai cewa yana murɗa hannu "a kan ƙwallo" don ya lanƙwasa ta, yaudarar kansa yake yi. An gama yanke hukunci tun kafin a taɓa ta.

A wannan ɗan ƙiftawar ido abu biyu ne ke da ta cewa. Na farko inda fuskar ke kallo. Na biyu inda kan sandar ya dosa a tafiyarsa, wanda za mu kira hanya. Ba dole ne su zo ɗaya ba. Ka tuna motar da santsi ya kwasa: hancinta na kallon wani wuri, jikinta na zamewa wani wuri dabam. Haka kan sanda ke yi. Idan yana tafiya yana yankowa hagu, ana cewa hanyar daga waje take zuwa ciki. Idan ya dosa dama, daga ciki take zuwa waje. Fuska kuma idan tana kallon dama an ce a buɗe take, idan hagu an ce a rufe.

Ƙa'idar ita ce: fuska ce ke da babban kaso wajen zaɓar inda ƙwallo za ta fara nufa, tazarar da ke tsakanin fuska da hanya kuma ita ke lanƙwasa ta. Idan fuska tana dama da hanya, ƙwallo za ta lanƙwasa dama. Idan tana hagu da hanya, za ta lanƙwasa hagu.

Ga misali da alƙaluma. A ce kan sandarka ya yanko hagu da digiri 6, fuskar kuma tana kallon hagu da digiri 1. In an auna da inda kake hari, fuskarka a rufe take. Amma in an auna da hanyar, a buɗe take da digiri 5. Ƙwallo za ta fita ɗan hagu, ta yi wani dogon baka zuwa dama. Wannan shi ne silais ɗin da aka fi gani. Yanzu juya: hanya ta dosa dama da digiri 4, fuska tana kallon dama da digiri 2. Ƙwallo za ta fita dama, ta dawo hagu. Duro ke nan. Abin da ke ɗaure wa mutane kai shi ne a wannan duro mai kyau fuskar a buɗe take ga inda ake hari. Ga hanya kaɗai take a rufe.

Tsohon karatu da na'urar da ta tona shi

Shekaru da dama akasin wannan ake koyarwa. Ana cewa ƙwallo hanyar sanda take bi wajen fita, sannan ta je ta ƙare inda fuska ke kallo. Manyan ƴan wasa ma haka suke bayani, kuma suna buga ƙwallo yadda suke so, domin hannunsu ya san abin da bakinsu bai faɗa daidai ba. Mai koyo ne ke shan wahala, shi da ya ɗauki maganar ya bi ta sau da ƙafa.

Abin da ya kawo ƙarshen gardamar shi ne na'urorin auna bugu. A 2003 aka kafa kamfanin TrackMan a ƙasar Denmak, da injiniyan rada Fredrik Tuxen cikin waɗanda suka assasa shi. Na'urar tana bin kan sanda da ƙwallo, tana fitar da lambobi a kan kowane bugu. Lambobin sun nuna cewa da direba, wato doguwar sandar nan mai ƙaton kai da ake yin bugun farko da ita idan ramin da ake son jefa ƙwallo yana da nisa, wajen kashi 85 cikin 100 na inda ƙwallo ke fara nufa fuska ce ke da shi. Da sandunan ƙarfe kason yana sauka zuwa wajen 75. Masana kimiyya sun riga sun faɗi irin haka a rubuce, amma sai da malaman wasa suka gani da idonsu a allo kafin karatu ya sauya.

Amfanin wannan ga wanda ba shi da na'ura babba ne. Ƙwallon da kanta tana ba ka rahoto. Inda ta fara nufa ya gaya maka labarin fuska. Yadda ta lanƙwasa ya gaya maka inda hanya take.

Me ke lanƙwasa ta a cikin iska?

Kowace ƙwallon da ta tashi sama tana juyawa baya, kamar tayar da ke komawa da baya. Da direba juyin kan kai wajen 2,500 zuwa 3,000 a minti ɗaya a hannun ƙwararru, da gajerun sanduna kuma yakan kai 9,000 ko fiye. Wannan juyi, tare da ƴan ramukan da ke jikin ƙwallon, shi ke sa iska ta ɗaga ta. Bajamushen masanin nan Heinrich Gustav Magnus ya yi bayanin wannan ƙarfi tun a 1852, shi ya sa ake kiran sa da sunansa.

Idan fuska da hanya suka saɓa, juyin ba ya tsayawa a miƙe, sai ya karkata gefe. Ka kwatanta da jirgin sama: idan ya sauke fiffiken dama, ƙarfin da ke ɗaga shi sai ya riƙa jan sa dama. Haka ƙwallo. Juyi ɗaya ne take yi, karkatacce ko miƙaƙƙe.

A nan ne amsar wata tambaya take: me ya sa direba ya fi kowace sanda tona asiri? Fuskar direba kusan a tsaye take, kwanciyarta digiri 9 zuwa 12 ce galibi, ta sandar ƙarfe mai lamba 7 kuwa wajen 30 ce. Iya kwanciyar fuska iya yawan juyin baya, shi kuma yana danne karkatar. Saɓanin digiri 5 da sanda mai lamba 7 za ta rufa maka asiri a kai, direba sai ya yi shelarsa. Ga shi kuma ya fi tsawo, ya fi gudu, ƙwallo ta fi daɗewa a sama tana lanƙwasa. Mai cewa "direba ne kaɗai ke ba ni matsala" yawanci matsalar tana cikin jakar baki ɗaya, sauran sandunan kara suke yi masa.

Yadda mai silais ke haƙa wa kansa rami

Wannan ɓangaren ne ya fi ba ni tausayi, domin hankali ne ke kai mutum ya baro. Farkon abin buɗaɗɗiyar fuska ce. Ƙwallo ta tafi dama sau ɗaya, sau biyu, sau goma. Jiki ba wawa ba ne, sai ya fara neman hagu. Ƙafafu su juya hagu, kafaɗu su bi su, ƙwallo ta riƙa matsawa gaba wajen ƙafar hagu. Idan an ɗaga sanda sama, maimakon ƙugu ya fara saukowa, sai kafaɗar dama ta yi wuf ta wurgo sandar ta waje. Duk waɗannan suna ƙara tura hanya hagu. Fuskar kuwa tana nan yadda take. Tazara ta ƙaru, lanƙwasa ta ƙaru, gobe kuma sai a ƙara juyawa hagu. Garin neman gira an rasa ido.

Na taɓa tsayawa bayan wani dattijo a filin atisaye. Ya zube kwandon ƙwallaye, yana ta bugu, kowace sai ta bi hanyar ƴar'uwarta zuwa ragar dama. Da na lura da ƙafafunsa, sai na ga sun kalli can gefen hagu na filin, wajen da babu mai niyyar zuwa. Wani matashin mai koyarwa ya zo wucewa, ya ɗan tsaya, ya ce, "Baba, don Allah ajiye sandar a ƙasa, ta taɓa kan takalmanka biyu, ka zagayo baya ka duba." Dattijo ya zagayo, ya yi shiru yana kallo. Can ya ce, "Yaro, wa ya juya ni?" Shi a ransa tsakiya yake kallo tun safe.

Fuska tukuna

Malamai sun rabu a kan inda za a fara. Wasu na cewa a gyara hanya, fuska za ta biyo. Ni ina tare da masu cewa a fara da fuska, kuma dalilina ɗaya ne: muddin ƙwallo na zuwa dama, jiki ba zai taɓa yarda ya wurga sanda dama ba. Wa zai ga wuta ya ƙara matsawa kusa? Sai ka cire masa tsoron daman tukuna.

Riƙo shi ne wurin farawa. Ka riƙe sanda, ka sunkuya ka kalli bayan hannunka na hagu. Idan gaɓar yatsa ɗaya kake gani ko babu, riƙon ya yi rauni, wato hannun ya zagaya ƙarƙashi, kuma da wuya fuska ta rufu a kan lokaci. Ka murɗo hannun dama-dama har ka ga gaɓoɓi biyu zuwa uku. Ɗan kwarmin da ke tsakanin babban yatsa da manuniya ya kalli kafaɗarka ta dama, a hannu biyun duka. Sandar kuma ta kwanta a gindin yatsu, kada ta nutse cikin tafin hannu. Kalmar "ƙarfi" da ake laƙaba wa wannan riƙo ba ta nufin matsewa. Wanda ya damƙe sanda kamar za a ƙwace masa, ya kulle tsintsiyar hannunsa ne.

Sai tsintsiyar hannun hagu a lokacin da sanda ta kai ƙololuwa. Idan ta lanƙwashe baya ta yi kwarmi, fuska ta buɗe. Idan bayan hannu da damtse suka zo a shafe ɗaya, fuska na nan lafiya. Madubi ko kyamarar waya ta isa ta nuna maka.

Ga gargaɗin da ba a cika yi wa mutane ba: idan gyaran ya kama, ƙwallonka za su fara tafiya hagu, a ƙasa-ƙasa, wasu ma su ƙara lanƙwasawa hagun. Abin ba kyan gani. A nan ne da yawa ke karaya su koma gidan jiya. Alhali wannan mummunan bugun albishir ne, yana nufin fuska ta kamo hanya. Saura a juya hanyar.

Sannan hanya

Ka shimfiɗa sanda ɗaya a ƙasa a gaban ƙafafunka, ta yi daidai da layin da kake hari, domin ido ya riga ya saba da ƙarya. Ka duba kafaɗu ma, su ne suka fi yin satar buɗewa. Ƙwallo kada ta wuce saitin cikin diddigen hagu idan direba ne. Dalili kuwa kan sanda zagaye yake yi: a farkon saukowarsa yana dosar dama, a ƙarshe yana komawa hagu. Iya gaban da ka kai ƙwallo, iya makarar da za ka yi ka same ta bayan sanda ta fara komawa.

Atisayen da na fi yarda da shi ba ya bukatar sayen komai. Ka ɗauki rigar kan direba ka ajiye ta a ƙasa, ɗan waje da ƙwallo kuma ɗan baya da ita, tazarar kamar faɗin tafin hannu. Idan ka sauko ta waje za ka kwashe ta, ta yi tsalle, kowa ya waiwayo. Bugu biyar ko shida jiki zai fara neman wata hanyar da kansa, ba tare da dogon wa'azi ba. Ka fara da sanda mai lamba 7, ƙwallo a kan ɗan tsinken ɗorawa, rabin ƙarfi. Ka sa a ranka bayanka zai ɗan daɗe yana kallon inda kake hari yayin da nauyinka ke komawa ƙafar hagu, hannaye kuma suna faɗowa kusa da cinyar dama. Za ka ji kamar kana wurga sandar can dama ƙwarai. Kyamara za ta nuna maka da kyar ka kai tsakiya.

Wani ɓarawo na uku

Akwai wanda fuskarsa da hanyarsa ba su da wani laifi sosai, amma silais bai bar shi ba. Shi matsalarsa inda ƙwallo ke taɓa fuskar ne. Idan ta bugi gefen da ke kusa da mariƙin sanda, wanda ake kira diddige, kan direba yakan ɗan murɗa, ƙwallo kuma ta juya akasinsa kamar haƙoran giyar inji biyu da suka haɗu, sai ta lanƙwasa dama. Idan ta bugi ɗaya ƙarshen, sai ta nemi hagu. Shi ya sa fuskar direba ba shafaffiya ba ce sarai, an ɗan yi mata tudu don ta rage wannan ɓarna. Ganowa ba wuya: ka fesa farar hodar ƙafa a fuskar, ka buga biyar, ka duba tambarin. Idan duk sun taru a diddige, wataƙila ɗan ja da baya ko riƙe sandar ƙasa kaɗan ya fi maka wata guda na gyaran riƙo.

Sabuwar sanda fa? Tun da TaylorMade ya fito da direban r7 mai nauyin da ake matsarwa a 2004, kasuwa ta cika da irinsu. Matsar da nauyi wajen diddige da ƙara kwanciyar fuska suna rage lanƙwasa, gaskiya ne, amma ragewa ce. Kuma doka ta hana ka kunce sanda ka sake saita ta ana tsakiyar zagayen wasa.

Shin dole ne sai duro?

Masu son duro suna da hujja. Rufaffiyar fuska tana rage kwanciya, ƙwallo ta fita ƙasa-ƙasa, juyi ya ragu, ta sauka ta yi ta gangarawa. Silais kuwa shafar ƙwallo yake yi a kaikaice, ya cilla ta sama, iska ta cinye ta. Wanda ya baro silais ya koma duro zai ga nisa ya ƙaru a fili. Amma ƙaramin fed da aka buga a tsakiyar fuska ba ya baya da duro da wani abin a zo a gani.

Tarihin wasan ma bai ba duro kambi shi kaɗai ba. Jack Nicklaus ya ci manyan kofuna 18, kuma fed ne bugunsa na yau da kullum. Shida daga ciki a gasar Masters ya ci su, a filin Ogasta da ke Amurka, inda ake cewa ramuka irin na 10 da na 13 sun fi son mai lanƙwaso ƙwallo hagu. Dustin Johnson ya koma buga fed da direba kafin ya ci gasar US Open a 2016. Bajamushe Martin Kaymer kuwa ya hau matsayi na ɗaya a duniya a 2011 da fed ɗinsa, ya shiga neman duro saboda Ogasta, wasansa ya yi ƙasa na wani lokaci, kafin ya farfaɗo ya ci US Open a 2014.

Labarin Ben Hogan, tsohon gwanin golf na Amurka, ya fi shafar mai koyo kai tsaye. Hogan huk ne ya addabe shi a farkon sana'arsa, ya yi shekaru yana gina bugun da zai hana ƙwallo zuwa hagu, har da raunana riƙonsa. Littafin darussa biyar da ya fitar a 1957 ya yaɗu ko'ina, masu silais suka rungume shi suna kwaikwayon riƙon. Mai zazzaɓi ya sha maganin mai sanyi ke nan. Kafin ka kwaikwayi gwani, ka tambaya wane ciwo yake magani.

Ga ɗan wasa na gama-gari lissafin a takardar maki yake. Ƙwallon da ta fita iyakar fili, ko ta ɓace ba a gan ta ba cikin minti 3 da dokar 2019 ta ƙayyade, tana jawo tarar bugu ɗaya, ka kuma koma inda ka buga. Bugunka na gaba daga wurin farawa shi ne na uku. Sau uku ko huɗu haka a ramuka 18 ya isa ya lalata yini. Idan gyaran riƙo da tsayuwa ya mayar da silais ɗinka ƙaramin fed da ke sauka a ciyawar tsakiya, ni ban ga dalilin ci gaba da tone-tone ba, sai dai in sha'awa ce.

Kafin gyaran ya zauna kuma, ka yi wasa da bugun da ka zo da shi ranar. Idan har yanzu dama take lanƙwasawa, ka kafa tsinkenka a gefen dama na wurin farawa, ka auna gefen hagu na ciyawar tsakiya, faɗin filin gaba ɗaya ya zama wurin saukarta. Ranar da duro ya fara zuwa da kansa, sai ka koma gefen hagu ka auna dama.